Karnukan Ingila a Bakin Alƙalamin Ƙarfe



Yau Ingila za mu leƙa, Ingilar shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku da suka wuce, zamanin da babu kyamara, duk wanda yake son ganin kamannin abin da ba ya gabansa sai dai a zana masa. Har gobe, in ka shiga shagunan tsofaffin littattafai a Landan da sauran biranen ƙasar, za ka tarar da akwatuna cike da takardun da suka yi ja don tsufa, kowace da hoton kare a kanta: na farauta, na kiwo, na gadi, na kicin, da na kwanciya a cinyar matan masu sarauta. Na san wani zai ce, duk abubuwan duniya a rasa abin magana sai kare? A ɗan yi mini haƙuri. Takardun nan shaidu ne. A gabansu wata al'umma ta dubi dabbar da take yi mata bauta, ta tausaya mata, ta ɗaukaka ta, daga baya son ya yi yawa har ya koma cutarwa. Su kuma mutanen da suka yi takardun, sun ƙarar da idanunsu a kan aikin da galibi sunan wani ne ya fita da shi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, ga shi rediyo ba shi da ido, don haka bari in kwatanta muku yadda ake aikin. Mai sassaƙa yakan sami allon jan ƙarfe, a goge shi har ya yi sheƙi. Sai ya ɗauki alƙalaminsa, wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki da dunƙulalliyar ƙotar katako wadda take zama daram a tafin hannu. Turawa yake yi gaba, bakin ƙarfen yana huda allon yana fitar da siririn zare. In layin zai lanƙwasa, allon ake juyawa a kan wani ɗan matashin fata cike da yashi, hannu yana nan inda yake. Babu launi ko ɗaya. Duhu da haske, laushin gashin kunne, danshin hanci, duk da layuka ake fitar da su: a matso da su wuri ya yi duhu, a ware su ya yi haske. In an gama sai a shafe allon da tawada mai kauri, a goge samansa tas, tawadar ta rage a cikin ramukan kaɗai. A ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a tura su cikin injin matsa, takarda ta shiga ramin ta tsotso tawada. Kowace takarda guda sai an maimaita duk wannan. Kuma aikin gaba ɗaya a juye ake yin sa. Wanda ya taɓa tsayawa wajen mai yanka hatimi ya ga yadda yake juya haruffa don su fito daidai a takarda, to haka ne, sai dai shi wannan kare sukutum zai juya, har da inuwarsa, ya shafe watanni yana yi.

Mutum na farko da ya kamata mu ambata shi ne William Hogarth, wanda aka haifa a Landan a 1697. Ya fara da koyon zane a kan kayan azurfa kafin ya shahara. Yana da wani ɗan kare mai suna Trump, kuma da ya tashi zana hoton kansa a 1745 sai ya zaunar da karen a gaba, shi yana baya. A 1751 ya fitar da hotuna huɗu a jere a kan matakan zalunci. Na farko yana nuna wani titi a unguwar talakawan Landan, yara sun taru suna azabtar da dabbobi, wani yaro da ya sa wa suna Tom Nero yana soka wa kare kibiya, wani yaron kuma yana miƙa masa abincin da ke hannunsa yana roƙon ya bari. A hoto na biyu Nero ya girma, doki yake jibga. A na uku ya kashe mace. A na huɗu an rataye shi, likitoci suna feɗe gawarsa, kare yana cin zuciyarsa a ƙasa. Hogarth ya sayar da kowane hoto sule ɗaya, don yana son su isa hannun mutanen da yake magana da su.

Akwai wani abu da ya yi wanda har yau muke cin moriyarsa. Masu satar fasaha sun ishe shi, ya fitar da hoto yau, gobe an kwaikwaya ana sayarwa a araha. Shi da abokan sana'arsa suka kai kuka majalisa, a 1735 aka yi dokar da ta ba mai sassaƙa haƙƙin mallakar aikinsa, da sharaɗin a rubuta sunan mai shi da ranar da aka fitar a jikin allon. Dalili ke nan da yau in ka duba ƙasan tsohon hoto, sau da yawa za ka ga rana da wata da shekara.

To amma wanda na fi son mu daɗe a kansa ɗan ƙauye ne. Sunansa Thomas Bewick. An haife shi a 1753 a wani gida da ake kira Cherryburn, a gefen kogin Tyne, can arewacin Ingila. Mahaifinsa ɗan ƙaramin manomi ne da yake haɗawa da haƙar kwal. Yaron bai damu da karatu ba, zane ne a ransa. Ya cika gefen littattafansa, da takarda ta ƙare ya koma zana dabbobi da alli a kan duwatsun maƙabarta da daɓen ƙofar coci. Yana da shekara 14 aka kai shi birnin Newcastle koyon sana'a wajen wani mai suna Ralph Beilby. Shagon nan babu aikin da ba ya karɓa: fuskar agogo, allon sunan ƙofa, cokulan azurfa, allon akwatin gawa, har da sunan maigida a kan abin wuyan kare. Aikin katako shi ne wanda maigidan ba ya so, sai ya riƙa tura wa yaron.

A wancan lokaci zanen katako shi ne aikin ƙasƙanci, na takardun waƙoƙin kasuwa da littattafan yara masu araha. Bewick ya ɗauke shi ya kai shi inda ba a zata ba. Ya yi amfani da wani icce mai tsananin tauri da ake kira boxwood, wanda aka yanka a gicciye ta inda zobban shekarun iccen suke fitowa, sannan ya sa masa alƙalamin masu jan ƙarfe a madadin wuƙa. A nan lissafin ya juya. A jan ƙarfe, inda ka huda shi ne zai fito baƙi. A katako, inda ka huda shi ne zai fito fari, saboda saman katakon ne yake ɗaukar tawada. Wato mutum yana farawa da duhu ne, yana cire shi kaɗan-kaɗan har kare ya bayyana. Ga kuma babbar riba: ana iya jera katakon tare da haruffa a buga su lokaci guda, kuma yana jure bugu dubbai bai gaji ba. Hoto mai kyau ya sami hanyar shiga littafin da malamin makaranta ko manomi zai iya saya. Tun a 1775 wata ƙungiyar ƙarfafa sana'o'i a Landan ta ba shi kyautar fam bakwai da sule bakwai saboda wasu zane-zanensa, ciki har da na maharbi da tsohon karensa. Ya je Landan ɗin a shekarar da ta biyo, bai yi shekara ba ya ce shi kam ba zai iya ba, ya tattara ya koma gida.

A watan Nuwamba na 1785, a ranar da mahaifinsa ya rasu, ya fara sassaƙa hoton farko na littafinsa na dabbobi masu ƙafa huɗu. Da raƙumi ya fara. Littafin ya fito a 1790, Beilby ya rubuta bayanin, shi ya yi hotunan. Duk wanda ya buɗe shi zai lura da wani abu. Dabbobin ƙasashen nesa, waɗanda bai gani da idonsa ba sai kwaikwaya daga littattafan wasu, a sandare suke, wasu ma da ƙyar za ka gane su. Amma da ka iso shafukan karnuka sai littafin ya farka. Ga karen makiyayi a tsaye, kunne a sama, hankalinsa yana can wajen tumaki. Ga wanda masu kora shanu kasuwa suke tafiya da shi, mai cizon agara. Ga mai ɗige-ɗigen nan da yake bin keken doki, an yanke masa kunnuwa yadda ake yayi a lokacin, keken yana can baya. Ga ƙaton karen Newfoundland, wanda ya je har wani gida a Eslington ya zana shi a tsaye a gabansa. Waɗannan ya san su, ya girma tare da su, ya san yadda kare yake ɗora nauyinsa a ƙafafun gaba in ya shinshino wani abu. Kuma hoton duka bai wuce faɗin tafin hannu ba.

A cikinsu akwai wanda ba na mantawa da shi, karen juya nama. Dogon jiki gare shi, da gajerun ƙafafu masu lanƙwasa. A manyan gidaje da masaukai, ana kafa wata ƙafar katako mai juyawa a jikin bangon kicin, a haɗa ta da sarƙa zuwa ga dogon tsinken da aka soke nama da shi a gaban wuta. Sai a saka karen a ciki ya yi ta gudu a wuri ɗaya, ƙafar tana juyawa, nama yana gasuwa, shi yana shaƙar ƙamshi da zafi na tsawon sa'o'i. Da aka ƙera na'urar da take juya tsinken da kanta, aikinsa ya ƙare, babu kuma wanda ya ga dalilin ci gaba da kiwonsa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare irin ya ɓace daga doron ƙasa. Abin da ya rage shi ne guda ɗaya da aka busar aka ajiye a gidan tarihi na garin Abergavenny a yankin Wales, sai kuma hotuna irin na Bewick.

Bewick yana da wata al'ada. In bayani ya ƙare aka sami fili a ƙasan shafi, sai ya cike shi da ɗan mitsitsin hoto na rayuwar ƙauye, wanda ba dole ya shafi darasin ba. A nan ne yake faɗar abin da ke ransa. A ɗaya, yara sun ɗaura wa kare tsohuwar tukunyar ƙarfe a wutsiya, yana gudu a firgice suna bin sa, wani babba kuma ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba. A wani, kare ne yake yi wa makaho jagora. Bai rubuta wa'azi a ƙarƙashinsu ba, kuma bai sa wa karen fuskar mutum don a tausaya masa ba. Ya zana tsoron kare yadda tsoron kare yake, wutsiya a ƙasa, baya a gantsare, ya bar mai kallo da zuciyarsa. A ganina wannan ne girmansa. Aikinsa na ƙarshe, wanda bai ƙarasa ba ya rasu a 1828, hoton wani tsohon doki ne da aka gama cin ƙarfinsa aka yasar a fili yana jiran ajali.

Daga Newcastle ɗin dai wani ya sake fitowa, John Scott, wanda aka fara kai wa koyon yin kyandir da kitse, ya koya wa kansa sassaƙa a lokacin hutu har ya tafi Landan. Shi ne ya sassaƙa hotunan karnukan da Philip Reinagle ya zana, a wani babban littafin mafarauta da ya fito a 1803 da 1804. Masu binciken tarihin karnuka har yau ba sa wuce hotunan nan, don kowane iri an tsayar da shi a gicciye, ana ganin tsayin ƙafa da faɗin ƙirji da tsawon baki. Ku riƙe mini wannan, za mu dawo kansa. Shi Scott yana cikin waɗanda suka kafa asusun tallafa wa masu zanen da ƙarfinsu ya ƙare. Daga baya shanyewar jiki ta kama shi, shi ma ya koma cin tallafin asusun.

Wajen 1820 sana'ar ta sake kama. Jan ƙarfe yana da laushi, bayan 'yan ɗaruruwan bugu layukan sun fara dishewa. Wani Ba'amurke mai suna Jacob Perkins ya zo Ingila da dabarar sassaƙa a kan ƙarfe mai tauri don buga takardun kuɗi, masu hotuna kuma suka karɓa. Allo guda ya koma ba da dubbai. In akwai takardar kuɗi a aljihunka, ciro ta ka ƙura wa fuskar da ke jiki ido, za ka ga siraran layuka ne a jere, jikokin wannan sana'ar. Dubban hotuna kuwa suna bukatar dubban masu saye, kuma a daidai lokacin ne birane suka cika da sabbin masu hali, 'yan kasuwa da akawu da masu masana'antu, kowa da falon da yake son ƙawatawa. A nan Edwin Landseer ya shigo.

An haife shi a 1802 a gidan masu sassaƙa. Mahaifinsa John Landseer gwani ne a sana'ar, shi ne yake kai shi filayen bayan gari tun yana ƙarami ya ce ya zana shanu da tumaki. Yana da shekara 13 aka rataye zanensa a babban baje-kolin Landan. Ya feɗe gawawwakin dabbobi, har da zaki, don ya san inda kowace jijiya ta bi. Maganar gaskiya, a iya zana gashi da ido da tsoka, da wuya a sami na biyunsa a zamaninsa. Sarauniya Victoria ta sa ya zana karenta Dash, ya zana Eos, karyar farautar mijinta Albert, aka ba shi sarautar girmamawa a 1850. Zakunan nan huɗu na tagulla da ke dandalin Trafalgar a Landan, aikinsa ne.

Hotonsa da ya fi ratsa mutane ya fito a 1837. Wani ɗaki ne na talaka a tsaunukan Sikotland. Tsohon makiyayi ya rasu, akwatin gawarsa yana tsakar ɗaki an lulluɓe da bargo. A kan kujera ga littafinsa na addini da tabarau, a ƙasa ga sandarsa da hularsa. Kowa ya watse. Karen kiwonsa kaɗai ya rage, ya matso ya manna ƙirjinsa da akwatin, ya ɗora haɓarsa a kai. Babu wanda zai ga hoton nan zuciyarsa ba ta motsa ba, kuma ba ƙarya ya zana ba, duk wanda ya san kare ya san yana yin haka. Shekara guda bayan nan wani mai suna Benjamin Gibbon ya sassaƙa shi, ya shiga gidaje ba adadi.

Sai dai kasuwa ta gane abin da take so, shi ma ya gane. A 1839 ya zana wani ƙaton kare mai nutsuwa da wani ɗan fari mai rawar kai suna leƙowa daga ɗaki ɗaya, ya sa musu sunan halayen 'yan Adam, ɗaya dattako, ɗaya rashin kunya. A 1840 ya zana kotu guda ta karnuka, wani fari mai tulin gashi yana zaune a kujerar alƙali, ƙafarsa a kan littafin shari'a. Jama'a suka yi ta saye. A nan nake rabuwa da shi. Karen Bewick yana da aikin yi da rayuwar da ba ta dogara da mai kallo ba. Na Landseer, sannu a hankali, ya koma ɗan wasan kwaikwayo da aka ɗora wa halinmu, muna kallonsa muna ganin kanmu. Kuma hoto yana da ƙarfin da yake shafe gaskiya. Yana da shekara 18 ya zana karnukan ceto na tsaunukan Alps sun sami matafiyi a cikin ƙanƙara, ɗaya da 'yar gangar giya a wuya. Mahaifinsa ya sassaƙa shi daga baya, ya bazu. Masu ibadar da suke kiwon karnukan sun sha faɗa cewa nasu ba sa yawo da ganga, amma har yau in za a zana irin karen nan sai an rataya masa ita.

Ban ce tausayin da hotunan suka shuka banza ba ne. A 1822 majalisa ta yi dokar farko ta hana zaluntar dabbobin gida irin su doki da shanu. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. A 1835 aka haramta haɗa kare faɗa da bijimi ko da ɗan'uwansa kare. A 1839 aka hana sa karnuka jan amalanke a Landan. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan tara karnukan da suka ɓata, wanda daga baya ya koma Battersea, yana nan har yanzu. Ba hoto kaɗai ya kawo waɗannan ba, amma mutumin da ya tashi tun yana yaro yana ganin karen makiyayin nan a bangon ɗakinsu, da wuya ya girma ya ga ana jifan kare ya yi dariya.

Yanzu ku duba ƙasan irin wannan hoto tare da ni. A kusurwar hagu, da ƙananan haruffa, sunan wanda ya zana. A kusurwar dama, sunan wanda ya sassaƙa. Zanen fenti guda ɗaya ne tak, yana rataye a gidan wani attajiri, mutum nawa ne za su gan shi? Abin da duniya ta sani da sunan Landseer, hannun na kusurwar dama ne. Da yawa daga cikinsu yayansa ne ya yi, Thomas Landseer, wanda kurma ne, ya sassaƙa ayyukan ƙanensa fiye da ɗari. Babban allo yakan ci shekara ɗaya ko biyu, mutum yana sunkuye da gilashin ƙara girma, yana mayar da launi zuwa baƙi da fari, yana yanke wa kansa shawarar yadda jan gashi zai bambanta da ruwan ƙasa alhali duka da tawada ɗaya za a buga su. Masu buga hotuna kuwa suna biyan Edwin dubban fam don izinin bugawa kawai, wani lokaci fiye da kuɗin zanen kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Har a wajen girmamawa haka abin yake. Ƙungiyar manyan masu zane ta sarauta, wadda aka kafa a 1768, ta ƙi ba masu sassaƙa cikakken wakilci, tana ganin 'yan kwaikwayo ne. John Landseer ya yi shekaru yana fafutuka a kan wannan, ya rasu a 1852 bai ga nasara ba. Sai a 1855 aka ba Samuel Cousins cikakkiyar kujera, shi ma ɗaya daga cikin masu sassaƙa ayyukan Edwin. Girmamawar ta zo a makare. Kyamara ta riga ta iso, kuma kafin ƙarnin ya ƙare an sami hanyar ɗora hoto a kan allo da haske da sinadari, sana'ar ta durƙushe.

To, mu koma kan karnukan John Scott da na ce ku riƙe mini. A watan Yuni na 1859, a Newcastle, garin Bewick, aka yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani. Karnuka sittin ne, dukansu na farautar tsuntsaye, kyautar kuma bindigogi. A 1873, shekarar da Edwin Landseer ya rasu aka binne shi a babban cocin St Paul, aka kafa ƙungiyar da take rajistar irin karnuka. Daga nan kowane iri ya sami rubutaccen ma'auni: kai ya zama kaza, baki kaza, wutsiya kaza. Alƙalan gasa ba sa tambayar ko kare yana iya kiwo ko gudu, kamanni suke dubawa, masu kiwo kuma suka shiga haɗa dangi da dangi don kamannin su ƙara fitowa.

Ɗauki karen da ake kira bulldog. A hoton Reinagle da Scott, da na Bewick kafin su, dabba ce mai tsayin ƙafa, mai ƙirar gudu, da bakin da yake da tsawon da zai kama abu. Mugun aiki aka kiwata shi domin shi, kama hancin bijimi, kuma madalla da aka hana. Amma jikinsa lafiyayye ne. Na yau fuskarsa ta shige ciki, fata ta naɗe masa hanci, numfashi yana yi masa wuya, zafi kaɗan ya galabaitar da shi, kuma yawancin matansu ba sa iya haihuwa sai an yi musu tiyata saboda girman kan 'ya'yan. Haka ɗan karen Hogarth, Trump. A hoton 1745 yana da hanci da ƙafafu na sosai. Jikokinsa na yau da ƙyar suke shaƙar iska. Likitocin dabbobi a Birtaniya sun daɗe suna ƙorafi a kan wannan, kuma in ana gardama, tsofaffin takardun nan ake ciro wa a ce ga yadda yake a da. Waɗanda suka yi wa karnukan haka ba maƙiyansu ba ne, masoyansu ne, suna kashe musu kuɗi suna kwana da su a ɗaki. Abin da ya ɓace shi ne irin kallon da Bewick yake yi, na mutumin da ya san me ƙafa take yi da me hanci yake yi.

Su kansu takardun ba su tsira ba. Yawancin ƙananan hotunan karnuka da ake sayarwa yau a cikin firam, daga littattafai aka yanko su, saboda dillali ya lissafa cewa in ya farke littafi ya sayar shafi-shafi zai fi cin riba. Wasu ma sai a bi su da launin ruwa a zamanin nan don su ƙara jan ido, alhali baƙi da fari mai su ya yi su. Masana suna da hanyoyin ganewa. Na jan ƙarfe yakan bar shatar gefen allon a jikin takarda, in ka shafa da yatsa kuma za ka ji tudun tawada. Na katako ba shi da wannan shatar, kuma in ka juya bayansa galibi za ka tarar da rubutun shafin da ke biye. Wannan rubutun na baya shi ne yake damuna in na tuna da Bewick. Shi littafi ya yi, kare a sama, bayaninsa a tsakiya, ɗan hoton ƙauye a ƙasa, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa. In aka yanke karen aka rataye shi shi kaɗai, yaran nan masu tukunya da babban da ya tsaya kallo sun tafi wani firam ɗin, ko kwandon shara. Gidan da aka haife shi, Cherryburn, yanzu gidan tarihi ne, suna ajiye da wasu katakan da ya sassaƙa da hannunsa da cikakkun littattafansa, kuma akwai injin bugu irin na da da suke nuna wa baƙi yadda ake aikin.